Wace bindigar farauta ta dace da sabon shiga mai ƙaramin ƙarfi?

Ɗan_Birni
Assalamu alaikum jama'ar zaure, ina neman shawarar manya. Muna da gona can bayan Mirya. Duk kaka in aka gama yankan hatsi, zabin daji da fakara suna sauka kalar abin da ya zube, zomaye kuwa ba a magana. Na daɗe ina sha'awar farauta amma a gidanmu ba maharbi, ni kaina ban taɓa riƙe bindiga ba. Na ɗan tara jika 150. Wani ya yi mini tallar ta maƙera, kuɗinta bai kai rabin abin da ke hannuna ba. Abokin yayana kuma yana da tsohuwar Baikal, bindigar Rasha mai baki ɗaya, ya ce in ina so mu yi ciniki. Sai wadda raina ya fi so, karabin 22 mai madubin hange irin wadda nake gani a Facebook. Wacce ta dace da ni? Don Allah wanda ya sani ya faɗa, ban da ba'a.

MaiGyaranMoto_Zango
Wa alaikumus salam. Baikal. Magana ta ƙare.

Kabukabu_Dole
Jika 150 ka ce? Zo in ɗauke ka ranar Alhamis mu shiga Kasuwar Dole, zabin da za mu saya sai mun yi sawu biyu 😂

Ɗan_Birni
Kai dai ba ka karanta ƙarshen saƙona ba.

Tsohon_GandunDaji
Ɗana, ka kama magana daga tsakiya. Kafin a zo ga wacce za ka saya akwai takardu iri biyu, kuma mutane da yawa suna zaton guda ce. Ta farko izinin mallakar bindigar kanta. Wannan yana hannun ofishin ministan cikin gida: ka haɗa dosiye, a binciki halinka, a rubuta lambar bindigar a takarda da sunanka. Ta biyu permin farauta, shi kuma namu ne, ma'aikatan gandun daji. Mai ta farko ba ta biyu, in muka haɗu da shi a daji da zabo a rataye, mai laifi ne. Mai ta biyu ba ta farko kuwa, maganarsa ta fi ƙarfinmu, ta jandarma ce.

Dokar farauta a Nijar ita ce mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998. Ta raba permi iri-iri, akwai na farautar gargajiya, akwai na masu farautar sha'awa, shi ma an raba shi ƙarama, matsakaiciya da babba. Zabo da fakara da zomo duk ƙaramar farauta ce. Dokar ta hana farautar dare, da fitila ko ba fitila. Ta hana bin dabba da mota ko moto, ta hana sa wa daji wuta don a koro nama, ta hana guba, ta hana makamin yaƙi. Kuma ba duk shekara ake farauta ba, hukuma ce ke buɗe lokaci ta rufe. Ka je ofishin gandun daji na nan Damagaram ko na Mirya ka tambaya baki da baki kafin ka ba kowa ko dala.

Kuɗin takardun nan ka fara cire su daga jika 150 ɗin. Abin da ya rage shi ne kuɗin bindigarka, ba 150 ba.

Ɗan_Birni
Na gode Baba. Ta maƙera ma sai da takarda? Mai tallar ya ce ta gargajiya ba ruwan hukuma da ita.

Tsohon_GandunDaji
Mai talla dole ya faɗi haka, ba shi za a tsayar a shinge ba. Ka dubi inda muke zaune. Gabas da mu Diffa tana cikin dokar ta-ɓaci tun 2015, kudu da mu ga iyakar Nijeriya. Sojan da ya buɗe buhunka a hanya ba zai tsaya tambayar wane maƙeri ya ƙera ba.

Mushe_Fizik
Bari in ɗan warware wa ɗan'uwa bambancin, don na ga madubin hange ne ya ɗauke masa hankali. Karabin 22 harsashi guda take fitarwa, kaurinsa milimita 5.6. Cikin bututunta akwai murɗaɗɗen zare da ke sa harsashin ya riƙa juyawa, shi ya sa yake tafiya nesa bai karkace ba. Baikal ɗin da ake maka talla bututunta sumul yake, kartush take ci, kartush ɗaya kuma cike yake da ƙwayoyin darma da yawa da ke bazuwa in sun fita. Zabo ba ya tsaya maka ka daidaita madubi. Gudu yake cikin kara, in ka matsa ya tashi. Sabon shiga da harsashi guda a kan tsuntsun da ke gudu, asarar kuɗi kawai zai yi.

Kalibar 12 faɗin bakinta wajen milimita 18.5 ne, 16 ta fi ta ƙanƙanta, 20 ta fi 16 ƙanƙanta, wajen 15.6. Yadda lamba ke hawa haka baki ke raguwa. Haka lambar darma: lamba 4 ta fi lamba 6 kauri. Kurciya da fakara lamba 6 ko 7, zabo da zomo lamba 4 zuwa 6. Amfaninta yana tsakanin mita 30 zuwa 40. Bayan nan raunata dabba kawai kake yi, ta je ta mutu a inda ba za ka gan ta ba.

Ardo_Tanut
Mushe ya faɗi na makaranta, ni bari in faɗi na daji. Lokacin da Ɗan_Birni ke magana, wato bayan yankan hatsi, shi ne daidai lokacin da muke saukowa da shanu cin kara. Yaranmu na cikin gonakin nan daga safe har yamma. Ƙwayar darma ta kartush in ta kuskure, kafin mita 300 ta zube ƙasa. Harsashin 22 yana wuce kilomita ɗaya da rabi, a jikin kwalinsa ma an rubuta gargaɗi. Kuma in ya daki fako ko dutse tsalle yake ya canja hanya. Dajinmu shimfiɗe yake, ba tudu ba kurmin da zai tare shi. Mun taɓa samun karsana da rami a cinya, ba mu ji ƙara ba, ba mu ga kowa ba. Da yaro ne fa? Don Allah ka bar wannan ta madubi.

Babarbaren_Gure
To ga bawana ya fito kare dukiyar ubangidansa. Ardo, karsanar nan ai tawa ce da na ba ka kiwo, ka ce harsashi ne alhali ka yanka ka cinye.

Ardo_Tanut
Yaushe Babarbare ya mallaki saniya? Je ka ci gaba da haƙar kanwa, manya na magana.

Babarbaren_Gure
😂 Amma wasa a gefe, maganarsa gaskiya ce. Wajenmu ma abin da ake tsoro ke nan.

JikanMaƙera
Ni abin da ke ba ni haushi, duk wanda ya tashi sai ya zagi ta maƙera. Mu Damagarawa ne fa. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, a garin nan ake haɗa albarushi, a garin nan ake zuba igwa, ƴan bindigarsa kuwa har Kano an san da su. Har gobe in an yi hawan Sallah bindigogin da ake bugawa gaban fada ba daga Rasha aka kawo su ba. Kakanninmu da me suka yi farauta? Talaka ya sayi abin da aljihunsa zai ɗauka. In ta lalace maƙerin na nan unguwa, ba sai ka jira kaya daga waje ba.

MaiGyaranMoto_Zango
Yaya JikanMaƙera, ba wanda ya zagi kakanni. Amma abu biyu kake haɗawa. Bindigar toka ta da, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, daban take. Ta yanzu da ake yi wa yaran nan talla, bututun ruwa ne ko sandar sitiyarin mota aka gyara don ta ci kartush na kamfani. Nan matsalar take. Kartush 12/70, wato na kalibar 12 mai tsawon milimita 70, ƙarfin da yake bugawa a cikin bututu yana iya kai bar 740. Tayar motar da kake hawa bar 2 da ɗan abu ake hura mata. Bindigar kamfani kafin ta fito sai an gwada ta da kartush da ya fi na kasuwa ƙarfi, a buga mata hatimi a jikin ƙarfe. Ta maƙera wa ya gwada? Kai ne za ka gwada, da fuskarka a jikin ƙota.

JikanMaƙera
Akwai maƙeri akwai mai ƙwanƙwasa ƙarfe. Ku ba ku san na ƙwarai ba ne.

Majo_Likita
Na ƙwarai ko ba na ƙwarai ba, mu dai a likita hannun hagu muke gani. Shi ke riƙe da bututu, shi ke tafiya in ta fashe. Yatsu, wani lokaci ido. Mafi yawansu samari ne, kuma sai sun kwana biyu a gida suna sa magani don tsoron a tambaye su takarda, kafin a kawo su ciwon ya ruɓe. Kuɗin aikin hannu ɗaya ya fi kuɗin Baikal ɗin nan.

Sannan kunne. Ƙarar kalibar 12 ta wuce desibel 140 a ma'aunin ƙara, daga nan kuwa harbi ɗaya ma na iya lalata ji, kuma ba ya dawowa. Ku lura da tsofaffin maharba, da yawansu sai ka ɗaga murya. Abin toshe kunne ba shi da tsada, a farmasi ma ana samu.

Jikan_Maharbi
Na karanta wa kakana tambayarka da amsoshin, ya yi dariya har da tari, ya ce in rubuta maka wannan. Shi da kwari da baka ya fara, yana ɗaura burtu a goshi yana rarrafe har ya shiga tsakiyar zabi ba su tashi ba. Ya ce wanda bai iya matsawa kusa da nama ba, ko wace bindiga aka ba shi hayaniya kawai zai yi a daji. Ya ce bana kada ka sayi komi. Ka nemi maharbi mai takarda wajen Mirya, ka gaishe shi da goro, ka bi shi kana ɗaukar masa jaka da gora. Ka koyi inda iska ke kaɗawa, ka koyi sawu, ka san inda zabi ke kwana da lokacin da suke zuwa ruwa, ka san ƙauyen da ke bayan kowane gefe kafin ka ɗaga bakin bindiga. In ka yi rani guda a haka, da kanka za ka san wadda kake so, ko ma ka ga ba ka so.

In kuma dole sai ka saya, ya ce mai baki ɗaya. Dalilinsa: mai kartush guda ba ya harbin banza, sai ya tabbata. Mai baki biyu yana sa yaro gaggawa don ya san akwai na biyu. Kuma mai baki ɗaya in ka karya ta, kowa na ganin ba komi a ciki.

Tsohon_GandunDaji
A gaishe da tsoho. Wannan ita ce maganar da ba a rubuta a doka ba.

Injiniya_Iska
Ni ban yarda da masu cewa Baikal kai tsaye ba. Mutum bai taɓa harbi ba, za ku ɗora masa kalibar 12 marar nauyi a kafaɗa? Mai baki ɗayan nan ba ta kai kilo 3 ba, rashin nauyin kuwa shi ke sa dukanta ya yi zafi. Harbi biyu uku ya fara runtse ido yana fizgar kunama, halin kuma in ya kama mutum da wuya ya sake shi. Ya fara da bindigar iska mai karyawa, Gamo ta Sifen ko Hatsan ta Turkiyya, milimita 5.5. Ba albarushi, ba ƙara, gwangwanin ƙwaya ɗaya ya ishe shi koyon saiti na watanni. Abin da ke cin kuɗi a farauta ba bindiga ba ce, kartush ne, kuma ba wanda ya ambata wannan tun ɗazu. Sabon shiga sai ya ƙona da yawa a kan kwali kafin ya fara samun nama. Ku lissafa masa.

MaiGyaranMoto_Zango
Injiniya, mutumin zabo ya ce. Zabon daji gashinsa da kauri, ga wuyar mutuwa. Ta iska kurciya da hasbiya ce a mita 20 zuwa 25. A kan zabo in ba a kai ka same shi ba, tafiya zai yi da ƙwayar a jiki. Ga kuma zafinmu na Afrilu da ke busar da robar ciki, wa ke da kayan gyaranta a Damagaram? Ƙarshenta ya sayi biyu, kuɗin da ake son a rage ya ninka.

Injiniya_Iska
Gara ya sayi biyu a jere da ya sayi ɗaya ya ji tsoronta ya jingine.

Tsohon_GandunDaji
Ko ta iska ce, dokar farauta dabba take kallo, ba abin da aka harbe ta da shi ba. Permi dai sai an yi. Kuma a tambayi komisariya matsayinta kafin a saya. Wani abu: kada wanda ya raina ta ya bar wa yara, tana fasa ido.

Hajiya_Kanya
Ku maza kun yi nisa da lambobi, ni tambaya ɗaya gare ni. Ɗan_Birni, gidanku gidan yawa ne? In akwai yara, ina za ka ajiye ta? Bayan ƙofa ko ƙarƙashin katifa ba ma'aji ba ne, yaro ya fi ka sanin ɗakinka. Maigidana Allah ya jiƙansa yana da mai baki biyu. Bindiga na cikin akwatin ƙarfe da kwaɗo, kartush na wani ɗaki da wani kwaɗon, makullan a aljihunsa ko masallaci zai je. Ka sa kuɗin akwati da kwaɗo biyu a lissafi.

Kuma mu masu girki a tausaya mana. A cire darmar nan tun wajen fiɗa, a yanke naman da ke kewaye da ramin a yar. Na taɓa fasa haƙori a kan cinyar fakara.

Majo_Likita
Hajiya ta taɓo abu babba. Ba haƙori kaɗai ba, darma guba ce, ta fi illa ga ƙananan yara da masu juna biyu. Su a ba su wajen da ƙwaya ba ta taɓa ba.

Kabukabu_Dole
Allah gafarta malamai, in an harbi zabo ya mutu kafin a isa da wuƙa, ya halatta ko mushe ne? Tambaya nake da gaske wannan karon.

Malam_GarinMalam
Tambaya mai kyau. Asalin hukuncin yana cikin hadisin Adiyyu ɗan Hatim, inda ya tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, game da sandar farauta. Aka ba shi amsa cewa abin da kaifinta ya huda a ci, abin da ta buge da faɗinta ya mutu kada a ci. Malamanmu na Malikiyya na baya sun duba harsashin darma suka ga yana hudawa yana zubar da jini, suka halatta. Sharaɗi: ka yi niyya, ka ambaci sunan Allah lokacin da za ka saki harbin. Wanda ya manta an yafe, wanda ya bari da gangan ba a ci. In ka tarar da dabbar da sauran rai wajibi ne ka yanka, in ka tsaya wasa ko ka bar wuƙa a gida har ta mutu a gabanka, ka ɓata ta. Saboda haka wuƙa mai kaifi tana cikin kayan maharbi.

Kuma wannan duk a kan dabbar daji ne. Zabon maƙwabci da ya shiga gonarka ba farauta ba ne, biyan kuɗi ne da zuwa gaban mai gari.

Babarbaren_Gure
Malam, wannan ta ƙarshe ka yi ta da wani a zauren nan, na rantse.

Ɗiyar_Muhalli
Ku yi haƙuri in shigo da abin da ba a tambaya ba. Me ya rage a dajin da za a ƙara masa bindiga? Iyayenmu suna ba da labarin barewa da tuje kusa da gari, yau sai ka nausa arewa sosai. Jimina ta ƙare a dajinmu, sai waɗanda ake kiwo a Kelle wajen Gure don a mayar da su wata rana. Gandun Termit da Tin Tumma da aka kafa a 2012, a can ne adaks, wata dabbar sahara dangin barewa, waɗanda suka rage a daji suke, masana na cewa ba su kai ɗari ba. Ungulu ma da muka taso muna gani a mahauta, yaushe rabonku da ita? Ɗan_Birni, da za ka kiwata zabi a gonar nan da jika 150, da ka ci nama ka sayar da ƙwai da damina.

Jikan_Maharbi
Yaya, ba mai baki ɗaya ce ta ƙarar da barewa ba. Masu bin ta da manyan motoci da fitila cikin dare ne, da fari, da gonaki da suka cinye daji. Kakana bai taɓa harbin zabuwa da damina ba don tana kan ƙwai, bai taɓa taɓa shamuwa ko gauraka ba. Irin wannan maharbin shi ke fara kai rahoto in ya ga baƙin mota a daji.

Ɗiyar_Muhalli
Na yarda da kakanka. Amma samari nawa ne yau ke bin irin tarbiyyarsa? Wanda ya ga bindiga a Facebook ya so ta, ba burtu ya gada ba.

Ɗan_Birni
Yaya wannan da ni kike 😅 Na ji kuma. Zabi da zomo kawai nake nufi, su ma a lokacinsu.

Harka_Sharp
[an goge wannan saƙo]

Admin_Zaure
Na goge saƙon da ke sama kuma na fitar da mai shi. Nan ba kasuwar makami ba ce. Duk wanda ya ce ku same shi ta bayan fage zai kawo muku daga ƙetaren iyaka ba takarda, ko ɗan damfara ne ko mai jawo muku kaso. Ba ku san abin da aka aikata da bindigar ba kafin ta zo hannunku. Akwai hukumar CNCCAI da aikinta ke nan, tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa ƙa'ida ba. A ci gaba da shawara.

MaiGyaranMoto_Zango
To mu koma kan Baikal ɗin abokin yayanka, tunda ita ce a gabanka. A garin Izhevsk na Rasha ake yin ta, samfurin IJ-18, tun 1964 ake ƙera shi, na yanzu ana rubuta masa MP-18. In ka ga an buga USSR a jiki, ta girmi 1992. Tsufa ba laifi ba ne, yadda aka riƙe ta ne abin dubawa. Ka je da rana, ka tafi da wanda ya san bindiga. Abu na farko a karya ta a tabbata ba kartush. Ka ɗaga bututun wajen haske ka leƙa ta baya: ya zama sumul yana sheƙi, ba ramukan tsatsa, ba zobe mai duhu. Ka shafa bayansa da yatsa daga farko har ƙarshe, in ka ji kumburi ko lotsawa ka ajiye musu abarsu. Ka rufe ta ka riƙe ƙota ka girgiza, kada ka ji bututu na motsi. Ka duba wuyan ƙota inda itace ya haɗu da ƙarfe, nan take tsagewa, wasu su cike da gam su shafa vernis. Ka gwada makullin kunama. Lambar da ke jikin ƙarfe ta zama ba a goge ba, kuma ita ce a takarda.

In ta zama taka, abu biyu na ƙasarmu. Da hunturu kada ka cika mata mai, ƙura ce ke mannewa ta zama taɓo, shafawa kaɗan da tsumma ta isa. Sannan zanzaro. Bindigar da aka jingine wata biyu, zanzaro na iya gina ɗakinsa a cikin bututu. Ka harba a haka, ko ta kamfani ce sai ta fashe. Duk fita ka leƙa bututu, in ka yi tuntuɓe bakinta ya taɓa rairayi ka sake leƙawa.

Kabukabu_Dole
Kuma kowane kartush na 12 zai shiga ko? 12 ai 12 ce.

Mushe_Fizik
A'a, nan mutane ke halaka. Bayan faɗi akwai tsawo. A jikin bututu za ka ga 12/65, 12/70 ko 12/76, lamba ta biyun tsawon mazaunin kartush ne da milimita. Tsawon da aka rubuta a kartush kuma na bayan ya buɗe ne, shi ya sa na 76 zai shiga mazaunin 70 lafiya lau ka rufe, sai an harba ya rasa wurin buɗewa, ƙarfi ya haura. Gajere a doguwa ba laifi, dogo a gajeriya haramun. Tsofaffin na Faransa da yawa 65 ne. Kuma kada a haɗa kartush na 20 da na 12 a aljihu ɗaya: na 20 yana zurmawa cikin bututun 12 ya maƙale, mutum ya zaci ba komi ya ɗora wani a bayansa.

Game da dukan kafaɗa da Injiniya ya ambata, kartush mai giram 28 ya fi mai 32 sauƙi. Ya fara da shi, ya manna ƙota sosai a kafaɗa.

Injiniya_Iska
In ya samu mai 28 ɗin. Abin da mai shago ke da shi za a ba shi.

Ɗan_Birni
Jama'a na dawo. Mun je da wani dattijo mun ga Baikal ɗin. 12/70 ce, an buga USSR, bututu fes, ƙota ba tsaga. Dattijon ya ce akwai ɗan motsi kaɗan in an girgiza. Matsalar ita ce takardar da sunan mahaifin mai ita ce, shi kuma ya rasu. Ya ce in biya in ɗauka, daga baya a gyara suna. Farashin zai bar mini abin yin takardu amma ba zai bar na akwati da kartush ba.

Tsohon_GandunDaji
Kada ka ɗauka, kada ka ba da ko rabin kuɗi. Izini na mutum ne, ba a gadonsa kamar gona. A yanzu shi kansa mai sayarwar ba a kan ƙa'ida yake riƙe da ita ba. Magada su fara zuwa hukuma da takardar rasuwa da ta gado a daidaita, kai kuma ka shigar da naka dosiye. Sai izininka ya fito da lambar bindigar nan a ciki sannan ta kwana gidanku. Ka kuma tabbata sauran magada sun yarda da sayarwar, kada gobe wani ƙane ya zo ya ce ta babansu ce.

MaiGyaranMoto_Zango
Motsin nan kuma a rage maka kuɗi a kansa, don gyara ne, kuma ba gyaran mai walda ba. In aka bar shi ƙaruwa yake da kowane harbi.

JikanMaƙera
Kun gani? Ta Rashan ma ƙarshenta hannun maƙeri za ta dawo.

Hajiya_Kanya
Akwatin dai kada a ce daga baya.

Baƙo_Magarya
Salamu alaikum, yanzu na shigo na karanta duka. Ni kuma Simplex ce ta kakanmu, ta kamfanin Manufrance na Saint-Étienne, kalibar 16, takardunta na hannun baffana da sunansa. Yana so ya mayar mini. Ta yi wa sabon shiga, ko in nemi 12?

Mushe_Fizik
16 ta fi 12 sauƙin duka kuma ta ishi zabo. Duba jikin bututun ka gaya mana 65 aka rubuta ko 70, sannan kafin ku fara zancen canja suna ka tambayi mai sayar da kartush mai lasisi ko yana kawo na 16 a kai a kai, don na 12 ne ya cika gari.